Daga Likitan Sarki Zuwa Ɗa na Bakwai: Tarihin Maganin Gida a Ayalan

Shekaru kusan 1,300 da suka wuce, in mutum ya fasa wa wani kai a tsibirin Ayalan, diyya kaɗai ba ta fitar da shi. Sai an jira kwana 9 likita ya zo ya duba. In raunin na jinya ne, wanda ya yi aika-aikar shi zai ɗauki majinyacin ya kai shi gidan wani amintacce, ya biya likita, ya ciyar da shi da masu zaman jinyarsa gwargwadon darajarsa, ya kuma samo wanda zai riƙe masa aikinsa har ya miƙe. Kundin dokar, wanda ake kira Bretha Crólige, ko hayaniya bai ƙyale ba. A gidan da ake jinya ba a wasa, ba a dukan yara, ba a haɗa karnuka faɗa, ba a tashin mara lafiya da garaje, ba a hira ta kansa yana kwance. Wani kundin, ɗan'uwan wannan, ya koyar da yadda ake auna girman rauni da ƙwayar hatsi kafin a yanke tara.

Yau in aka ambaci maganin gargajiyar Ayalan, abin da ke zuwa bakin mutane shi ne dodon koɗi da ake sokewa a ƙaya, da yaron da ake zurarwa ta ƙarƙashin cikin jaki, sai a yi dariya. Dariyar tana ɓoye cewa ƙasar ta taɓa samun likitoci masu makaranta da littafi da gado, kuma yaƙi da ƙwacen ƙasa ne suka watsa su. Tarihin maganin gida a can tarihin yadda magani ya sauko daga fada ya koma madafi ne, ya koma bakin rijiya da hannun maƙwabci.

Su kansu mutanen tsibirin suna da labarin da ke bayyana dalilin da ya sa ilmin tsirrai ya zama gutsi-gutsi. A tatsuniyoyinsu na kafin zuwan Kiristanci akwai Dian Cécht, likitan alloli, wanda ya ƙera wa Sarki Nuada hannun azurfa bayan an sare masa nasa a yaƙi. Ɗansa Miach ya fi shi gwaninta, ya mayar wa sarkin da hannu na tsoka da jini. Hassada ta ci uban, ya kashe ɗan. A kan kabarin tsirrai 365 suka fito, kowanne daidai da wata gaɓa ko jijiya ta jiki. 'Yar'uwar mamacin, Airmed, ta tsince su ta jera a kan mayafinta bisa amfaninsu, uban ya zo ya watsar. Tun daga ranar, in ji labarin, babu mai riƙe da sanin duka.

A zahiri kuwa, daga ƙarni na 14 zuwa na 17, likitanci sana'ar gado ce ta wasu gidaje sanannu. Gidan Hickey su ne likitocin sarakunan O'Brien a yankin Thomond, gidan Cassidy na sarakunan Maguire a Fermanagh, gidan Dunleavy na O'Donnell a Donegal, gidan O'Lee na O'Flaherty a yamma. Sarki yakan yanka wa likitansa gona ya ci ba haraji, shi kuma ya kula da lafiyar fada da ta mayaƙa. Suna da makarantu, kamar ta Aghmacart a gundumar Laois, inda ɗalibi kan yi shekaru yana kwafar littattafai da hannu. Sama da littattafai 100 na likitanci da aka rubuta da harshen Gelik, harshen asali na tsibirin, sun tsira har yau. Akwai na Tadhg Ó Cuinn na shekarar 1415, wanda ya jero tsirrai da ma'adinai da amfanin kowanne.

Abin da ke cikin waɗannan littattafai zai ba almajirin ilmi a ƙasar Hausa mamaki, don sunayen ba baƙi ba ne a zaurukanmu. Likitocin Ayalan daga Latin suke fassarawa, Latin ɗin kuwa da yawansa daga Larabci aka juyo shi. A 2019 Farfesa Pádraig Ó Macháin na jami'ar Cork ya sanar da gano wata guntuwar fata da aka ɗinke bangon wani tsohon littafi da ita. Da aka warware ta sai ga fassarar wani yanki na Al-Ƙanun fid Ɗibb na Ibn Sina da harshen Gelik, rubutun ƙarni na 15. Littafin gidan O'Lee ma, wanda ke ajiye a Dublin, asalinsa aikin Ibn Jazla ne, likitan Bagadaza na ƙarni na 11, mai jera cututtuka cikin jadawali.

Sai guguwa ta taso. Ingila ta ci sarakunan Gelik da yaƙi a Kinsale a 1601, manyansu na arewa suka shiga jirgi suka bar ƙasar a 1607, Cromwell ya zo da sojojin Ingila a 1649 ya ƙarasa abin da ya rage. A 1641 kusan kashi 59 cikin 100 na ƙasar noma yana hannun 'yan Katolika, zuwa 1703 ya koma kashi 14. Wanda aka ƙwace wa gona ba ya yanka wa likita gona. Wasu likitocin suka bi iyayen gidansu ƙetare. Niall Ó Glacáin, mutumin Donegal, ya yi jinyar masu annoba a Faransa, ya wallafa littafi a kanta a Toulouse a 1629, ya ƙare yana koyarwa a jami'ar Bologna. Owen O'Shiel, wanda ake wa kirari da gaggafar likitoci, ya mutu a fagen yaƙi a 1650. Sauran suka narke cikin talakawa, littattafan suka shige akwatuna, jikoki suka tashi ba su iya karanta su.

Labarin littafin O'Lee ya nuna yadda abin ya juye. Wani mutumin gidan, Morogh O'Lee, ya yi iƙirarin cewa a 1668 an ɗauke shi zuwa wani tsibirin gaibu da ake cewa yana bayyana a tekun yamma, ya kwana biyu a can. Bayan wasu shekaru ya fara ba da magani ba tare da ya zauna gaban wani malami ba. Da tafiya ta yi tafiya sai mutane suka ce ai a can tsibirin aka ba shi littafin. Cikin 'yan shekaru jadawalin likitan Bagadaza ya zama kyautar aljanu.

Majalisar dokokin Ayalan ta yi dokar gina asibiti a gundumomi a 1765, amma asibiti guda a gunduma ina zai kai ga mutanen da yawansu ya haura miliyan 8 a ƙidayar 1841, akasarinsu a bukkokin karkara? Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Talaka ya koma ga abin da ke kusa da shi.

Mafi kusa shi ne madafi da bakin shinge, kuma nan mata ke da iko. Mai tari a tafasa masa karagin, wata jar ciyawar teku da ake tsinka a kan duwatsun gaɓa a shanya, a dafa da madara ko ruwa har ta yi yauƙi, a sa zuma. Mai ciwon ƙirji a shafa masa kitsen dinyar da aka yanka lokacin Kirsimeti, a rufe da takarda mai kauri ko jan ƙyalle. Maruru a ɗaura masa burodi da aka jiƙa da ruwan zafi, ko sabulu da sukari, har ya nuna ya fashe. In wuƙa ta yanki mutum a yayimo saƙar gizo-gizo daga rufin ɗaki a danna a kai. Akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da ke cika kufai, wanda ake cewa duk wanda ya ci shi dafaffe sau uku a watan Mayu ya wanke jininsa na shekara. Wannan akwai hankali a ciki, domin bayan watannin hunturu ana cin dankali da madara, shi ne ɗanyen ganye na farko da ke fitowa, kuma yana da sinadarin ƙarfe. Saiwar wani tsiro da ake kira kwamfiri a kirɓa a ɗaura wa targaɗe da karaya. Furen wata ciyawar fadama mai ƙamshi a jiƙa wa mai zazzaɓi, wadda daga baya aka gane tana ɗauke da dangin sinadarin da ake yin asfirin da shi. Cikin wannan jaka kuma akwai kashin tumaki da ake tafasawa a madara a ba mai ƙyanda, wai don ƙurajen su fito da wuri. Ba duk abin da kaka ta dafa ba ne abin yabo.

Masu sanyin ƙashi suna da nasu ɗakin. A arewa maso yamma, musamman gundumar Leitrim inda aka ƙirga sama da 100, ana gina wani ɗan ƙaramin ɗaki na dutse a jikin tudu kusa da rafi, ƙofarsa sai da rarrafe. A cika shi da busasshiyar baƙar ƙasar fadama da suke girki da ita, a hura wuta na tsawon sa'o'i, a kwashe tokar, a shimfiɗa ɗanyar ciyawa. Mutum ya tuɓe ya shiga, a toshe ƙofar, ya yi gumi sharkaf, ya fito ya faɗa ruwan sanyi. An ci gaba da haka har ƙarshen ƙarni na 19.

Sai ruwa. Tsibirin yana da rijiyoyi da idanun ruwa kusan 3,000 da ake ɗauka masu tsarki, galibi da sunan wani waliyyin Kirista, kuma kowace da cutar da ta shahara a kai: ta ido, ta haƙori, ta ciwon baya. Mai neman lafiya yakan zagaya rijiyar ta hannun dama, yadda rana ke tafiya, yana addu'o'i adadi sananne, ya sha, ya wanke wurin ciwon da tsumma, ya ɗaure tsumman a reshen bishiyar da ke gefe. Imanin shi ne yadda tsumman ke ruɓewa haka cutar ke zagwanyewa. A gundumar Kerry akwai wani kwari da aka daɗe ana kai masu taɓin hankali su sha ruwansa. Gwaji ya nuna akwai ɗan litiyam a ruwan, sinadarin da likitocin ƙwaƙwalwa ke ba da shi yau, sai dai adadin bai kai ko kusa da na asibiti ba. A daren 31 ga Janairu kuma, jajiberin ranar waliyyiya Brigid, mata kan bar ƙyalle a waje ya kwana, a ajiye shi shekara guda ana ɗaura wa mai ciwon kai ko maƙogwaro.

Amma abin da ya fi bambanta Ayalan shi ne maganin da ke zaune a jikin mutum. A ƙauye ba a tambayar mene ne maganin abu kaza, ana tambayar wa ke da shi. Ɗa namiji na bakwai a jere, ba mace a tsakani, shi ke da maganin makero, in kuma ubansa ma na bakwai ne to abin ya ninka. Akan gwada jaririn da tsutsar ƙasa a tafin hannu, in ta mutu an tabbatar. Yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa shi ke hura iska a bakin jariri mai farin ƙuraje, da safe kafin ya karya. Matar da sunan gidansu ya zo ɗaya da na gidan mijinta, burodin hannunta maganin tarin shiƙa ne. Wanda ya lashi cikin wata 'yar dabbar ruwa mai kama da tsaka, harshensa ya zama maganin ƙuna, sai ya lashi wurin da wuta ta ci. Ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke zagaye ƙugu ko haƙarƙari ta gefe ɗaya, jinin ɗan gidan Keogh ake shafa musu, ya soki yatsarsa ya zagaye su da shi. Maƙeri yana da rabonsa, ruwan da yake tsoma jan ƙarfe a ciki ana nemansa. Ga kuma gidajen masu ɗori, uba ya koya wa ɗa, waɗanda Bahaushen da ya taɓa kai ɗansa gidan maɗori ba ya bukatar a yi masa bayaninsu.

Wannan baiwa tana da sharuɗɗa, kuma a ganina su ne suka raya ta. Ba a karɓar kuɗi, in an karɓa maganin ya karye. A wurare da yawa ko godiya ba a yi. Ba a talla, ba a kuma hana wanda ya zo, ko da tsakar dare ne, ko da maƙiyi ne. In maganin na addu'a ne da ake karantawa a asirce, sau da yawa namiji mace yake bar wa, mace kuma namiji, mutum ɗaya tak, kusa da mutuwa. Wasu magungunan sai ranar Litinin da Alhamis, zuwa uku. Mai magani manomi ne kamar kowa, abin nauyi ne a kansa, kuma wanda bai ci kuɗinka ba da wuya ka kira shi macuci in ba a dace ba.

Maganin tusar jaki, ƙullutun nan da ke fitowa a hannu, ya fi kowanne yawa. A goga dodon koɗi a kai a soke shi a ƙaya, yana bushewa tana bushewa. Ko a ƙirga tsakuwa daidai yawansu a ƙulle a takarda a yar a mararraba, wanda ya tsinta ya kwashe. Ko a wanke da ruwan da ya taru a ramin dutse, da sharaɗin an ci karo da shi ne ba nemansa aka fita ba. Hazbiya a nuna mata ƙayoyi 9 ɗaya bayan ɗaya, ko a goga zoben aure na zinariya. Mai hangum a sa masa ragamar jaki a ja shi a zagaya ɗakin aladu. Mai tarin shiƙa a zura shi ta ƙarƙashin jaki a ɗago ta sama sau uku, ko uwar ta tsaya bakin hanya ta jira mai farin doki, duk abin da ya ce a ba yaron shi ne magani.

Lura da cututtukan da waɗannan dabaru suka taru a kansu. Tusar jaki a jikin yara, kusan biyu cikin uku sukan ɓace da kansu cikin shekara 2. Hazbiya da hangum kwanaki suke yi. Tarin shiƙa yakan ja har wata uku sannan ya saki wanda zai saka. Maganin da aka yi a makon ƙarshe shi ke cin yabo. Duk da haka ban ga wautar uwar da ta tsaya jiran mai farin doki ba. A zamanin da likita ma ba shi da abin da zai ba mai tarin shiƙa, ragamar jaki ba ta fi kwalbar likita rashin amfani ba, kuma ta ba uwa abin yi maimakon zaman kallon ɗanta yana shiƙewa.

Babbar Yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta nuna iyakar duk wannan. Cuta ta kama dankali, mutum kusan miliyan 1 suka mutu, wasu miliyan 1 suka yi hijira. Akasarin mamatan atuni ne da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa suka kashe su, kuma babu ganye ko rijiyar da ta tsaya musu. Yankunan yamma masu jin Gelik su suka fi shan wuya, tsofaffi masu riƙe da sani suka tafi da shi. A 1851 aka yi dokar da ta raba ƙasar gida 723, kowane yanki da likitan gwamnati. Talaka yakan nemi tikiti wurin wani mai faɗa a ji, baƙi in zai je ɗakin shan magani, ja in likita ne zai zo gida. Neman tikitin ƙasƙanci ne, likitan yana nesa, sau da yawa ba ya jin yaren majinyaci. Mutane suka riƙe biyun, su ga likita su kuma biya gidan mai magani.

A wannan zamanin Biddy Early ta yi tashe a Feakle, gundumar Clare. An haife ta a 1798, ta taso marainiya tana aikatau, ta yi aure sau 4, ta rasu a 1874. Tana haɗa magungunan tsirrai, tana kuma da wata shuɗiyar kwalba da ake cewa tana dubawa ta ga abin da ke damun mutum tun bai buɗe baki ba. Ba ta karɓar kuɗi, sai abinci da barasa, abin da ya sa gidanta bai rabu da baƙi ba. Limaman coci sun yi ta sukarta a kan mumbari. Ana ba da labarin cewa a 1865 an kai ta kotu a Ennis da tuhumar maita, shari'ar ta watse don babu wanda ya yarda ya ba da shaida a kanta. Bayan mutuwarta marubuciya Lady Gregory ta bi ƙauyuka tana tattara labaranta, ta buga su a 1920.

Mummunar fuskar imani da aljanu ta bayyana a watan Maris na 1895, a Ballyvadlea cikin gundumar Tipperary. Bridget Cleary tela ce, matashiya mai keken ɗinki da kaji da kuɗin kanta. Sanyi ya kama ta ta kwanta. An aika kiran likita, ya yi kwanaki bai zo ba, da ya zo ya ce ciwon ƙirji ne mara tsanani da tashin hankali. Kafin nan wani dattijo cikin dangi ya riga ya furta cewa wannan ba Bridget ba ce, aljanu sun ɗauke ta sun bar musaya. Mijinta Michael ya karɓo tsirrai wurin wani mai maganin aljanu, aka dafa a madara, maza suka danne ta aka ɗura mata, aka riƙe ta a kan murhu ana tambayarta ko ita wace ce. Daren 15 ga wata Michael ya watsa mata kananzir ta ƙone, a gaban mahaifinta da danginta. Ya yi ta jira a wani tudu yana sa ran za ta fito a kan farin doki. An tono gawarta bayan mako guda, aka yanke masa shekara 20, ya yi 15. Jaridun Landan suka ɗauki labarin suka mai da shi hujjar cewa mutanen Ayalan ba su isa mulkin kansu ba. Ba ita kaɗai ba ce. Yara masu ciwon da ba a gane ba an sha ba su ganyen wani fure mai guba da ke taɓa bugun zuciya, wai don a kori aljanin, akwai kuma masu liƙa wa ciwon daji na fata wani haɗi mai gubar asinik da ke cin tsoka.

Masu ilmin zamani ba duka suka juya baya ba. Sir William Wilde, likitan ido da kunne a Dublin, mahaifin marubuci Oscar Wilde, ya riƙa tattara magunguna da camfe-camfe daga bakin majinyatansa na karkara, matarsa ta buga su a littafi a 1890. A 1883 Dakta Quinlan na asibitin St Vincent ya gwada ganyen wani tsiro da ake kira malen dafaffe a madara, wanda talakawa ke sha don tarin fuka, ya rubuta cewa yana sassauta tari. Gansakukar fadama da makiyaya ke toshe rauni da ita kuwa ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Tana shan ruwa har ninki 20 na nauyinta, tsaminta kuma yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Da auduga ta yi ƙaranci, mata da yara suka bazama fadamu suna tsinko ta, ana ɗinka ta cikin ƙyalle a Dublin ana aikawa asibitocin soja.

Mafi yawan abin da aka sani yau game da maganin ƙauye yara ne suka rubuta shi. An kafa Hukumar Tattara Al'adun Gargajiya a 1935 ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, bayan ƙasar ta sami 'yancin kanta. Daga 1937 zuwa farkon 1939 hukumar ta haɗa kai da ma'aikatar ilmi, aka ce 'yan manyan azuzuwan firamare su bar rubutun insha'i na mako, su je su tambayi kakanni da maƙwabta. Yara sama da 50,000 daga makarantu 5,000 suka cika shafi kusan 740,000, kuma maganin gida na cikin batutuwan da aka ba su. Kakannin da suka yi magana wasunsu 'ya'yan waɗanda suka ga Yunwa ne. Abin da ke burge ni a rubutun shi ne yaro ba ya tacewa. Layi ɗaya karagin da zuma, layi na gaba a sa kwaɗo mai rai a baki don ciwon haƙori, da sunan mutumin da ya faɗa da shekarunsa da unguwarsu. Kundin yana jami'ar UCD a Dublin, UNESCO ta sa tarin hukumar cikin rajistar kayan tarihin duniya a 2017, kuma an ɗora shi a intanet.

Yaran da suka yi rubutun su ne suka ga canjin. Tarin fuka, wanda a farkon ƙarni na 20 ke kashe sama da mutum 10,000 a shekara, ya ja da baya bayan Dakta Noël Browne ya zama ministan lafiya a 1948, mutumin da cutar ta kashe masa uba da 'yan'uwa. Aka gina asibitoci, aka kawo allurar rigakafi da maganin istireftomaisin. Rigakafin tarin shiƙa ya zo a shekarun 1950, jaki ya huta. A 1972 aka soke tsarin tikiti, talaka ya sami katin zaɓar likitansa.

A ƙauyen Boho na gundumar Fermanagh akwai kabarin wani limamin coci, James McGirr, wanda ya rasu a 1815 bayan ya shahara da warkarwa. Ana cewa ya yi alkawarin ƙasar kabarinsa za ta yi abin da yake yi yana raye. Shekaru 200 mutane suna ɗibar 'yar kaɗan a ƙyalle, su sa ƙarƙashin matashi, su mayar cikin kwana 4. A 2018 masu bincike na jami'ar Swansea, cikinsu har da Gerry Quinn wanda ɗan yankin ne, suka sanar da samun wani sabon nau'in ƙwayar halitta a ƙasar Boho, dangin wadda aka samo istireftomaisin daga gare ta. A ɗakin gwaji ta hana 4 daga cikin manyan ƙwayoyin cuta 6 masu bijire wa magani girma. Jaridu suka yi ta cewa kimiyya ta gaskata kakanni, wanda zuzutawa ce. Abin da ya yi aiki a faranti bai zama ƙwayar sha ba tukuna, kuma ƙasar da ke ƙulle ƙarƙashin matashi ba ta taɓa rauni. Abin da ya tabbata shi ne al'adar ce ta nuna wa masu binciken inda za su tona.

Har yanzu a karkarar Ayalan in yaro ya ƙone ko dattijo ya yi ƙurajen ƙugu, bayan an dawo daga asibiti wani zai miƙo lambar wayar mai magani, kuma har yanzu ba a biya. Gidajen wankan ciyawar teku, irin na Enniscrone da aka buɗe a 1912, sun koma wurin 'yan yawon buɗe ido. Mai mura ana haɗa masa wiski da ruwan zafi da lemon tsami da kanumfari, yaro mai ciwon ciki a ba shi 7Up da aka bari iskarsa ta fita. Ɗa na bakwai ne ke neman gagara. Finbarr Nolan na gundumar Cavan, na bakwai ɗan na bakwai, ya tara dubban mutane a zaurukan otal a shekarun 1970, ya rasu a 2020. A tsakiyar shekarun 1960 macen Ayalan takan haifi 'ya'ya 4 a matsakaici, yanzu ba ta kai 2 ba, kuma gidan da zai jera maza 7 ba mace a tsakani sai an tona.